Ganye ya yi ɗorawa? Duba kafin ka sayi magani



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Garagumsa, kusa da Takeita, inda hanyar Matamai da Kano ta rabu da babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Da rani ina koya wa manya karatu. Da damina ina noma kamar kowa. Yau zan ba ka labarin wani kuskure da na yi. Kuskuren ya cinye mana akuya guda, ya kuma ba ni kunya. Na ce gara in gaya maka, don kada kai ma ka yi asarar taka akuyar.

Yadda abin ya faru

A daminar 2021 mai ɗakina ta shuka gyaɗa a gamanarta. Da gyaɗar nan take yin mai da ƙuli-ƙuli. Da kuɗin take saya wa yara sabulu da sutura. Amma ba ta shuka da wuri ba, kuma laifina ne. Na ce sai mun gama da gonar hatsi tukuna. Kafin mu waiwayi gamana, maƙwabta sun yi sati uku da shuka tasu. Irin kuma ba shi da yawa. Sai na ce a buɗa tazara sosai, don ya ishi gonar duka.

Bayan kamar wata guda, sai muka ga gyaɗa ta soma canza launi. Nan wuri ya yi ruwan ɗorawa, can ma wuri ya yi. Na tsaya daga bakin gona na hanga. Ban ko sunkuya ba. Na tuna abin da na karanta a makarantar horon malamai, cewa shukar da ba ta sami abinci ba takan yi rawaya. Sai na ce, "Yunwa ce. Takin zamani take so."

Kuɗi babu a hannu. Na ce wa mai ɗakina a kai akuyarta kasuwa. Ta ce, "Malam, ba za ka tambayi kowa ba tukuna?" Na ce, "Ni da na yi makaranta, wa zan tambaya?" Ta yi shiru. Aka sayar da akuya, na sayo yuriya, farin takin nan mai kama da gishiri. Na bi gona na zuba.

Sati guda ya wuce, sati biyu suka wuce. Ciyawa ta yi kore shar, ta ji daɗi. Gyaɗa kuwa tana nan yadda take. Wurin da ya yi ɗorawa ma sai ƙara faɗi yake yi.

Ran nan wani dattijo ya biyo ta gefen gonar. Ɗalibina ne a aji, ya ba saba'in baya. Muka gaisa. Ya shiga gona ya durƙusa. Ya kama kan wata gyaɗa ya juya ganyen. Ya ce, "Malam, matso ka gani." Na matsa. Sai ga ƙananan ƙwari baƙaƙe sun cika tohon. Ganyen yana danƙo, tururuwa suna ta hawa da sauka. Shukar ta tsugune, ganyenta ƙanana sun cure wuri ɗaya.

Ya ce, "Malam, wannan ba yunwa ba ce. Darɓa ce ta kawo mata kuturta. Ko buhu goma ka juye mata, ba za ta tashi ba."

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?"

Ya ce, "Na taɓa ganinta ina saurayi. Wanda ya ga waccan shekara ba ya mantawa."

Shekarar da yake nufi ita ce 1975. A shekarun 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar take sayarwa waje. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi yake saye. Ƙasar Matamai da Magarya da Maraɗi su ne gidan gyaɗa. Sai aka yi babban fari na 1973. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, sai kuturtar gyaɗa ta faɗo a 1975. A arewacin Nijeriya kaɗai ta lalata gonaki wajen hekta 700,000. Ta haɗa har da namu gonakin. Fari da wannan cuta suna cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano.

Ranar nan malami ya koma ɗalibi. Daga baya na je wurin malamin gona na yi ta tambaya. Ga abin da na koyo. Launin ɗorawa ba cuta ɗaya ba ce, alama ce kawai. Kamar zazzaɓi ne a jikin mutum: abubuwa da yawa suna kawo shi, kowanne da maganinsa.

Me ya sa ganye yake da kore?

Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa akwai wani koren abu. Da shi shuka take kama hasken rana, ta haɗa da ruwa da iska, ta dafa abincinta. Saiwa ce take aiko da kayan haɗa wannan koren daga ƙasa. In kayan suka yanke, ko saiwa ta kasa aiki, ko cuta ta shiga jiki, sai koren ya gudu, ɗorawa ta bayyana. In ganye ya rasa kore, girki ya tsaya. In girki ya tsaya, babu zangarniya, babu ƙwaya.

Saboda haka, in ka ga ganye ya canza, kada ka tsaya daga bakin gona kamar yadda na yi. Shiga ciki, ka sunkuya, ka yi wa kanka tambaya uku:

1. Wane ganye ne ya fara, na ƙasa ko na sama?
2. Yaya launin yake, ya rufe ganyen duka, ko jijiyoyi sun rage kore, ko ɗigo-ɗigo ne?
3. Me ke bayan ganyen, me kuma ke jikin saiwa?

Amsar tambayoyin nan ita za ta nuna maka magani.

Na ɗaya: yunwa

In tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka fara, sannan launin yana hawa sama sannu a hankali, kuma kara ya sirance, to yawanci yunwa ce. Abincin da ya ƙare sunansa naitirojin. An fi ganin haka a hatsi da dawa da masara, musamman a jigawar da ta gaji, ko bayan ruwa mai yawa ya wanke ƙasa. A masara da dawa, ɗorawar takan soma daga tsinin ganye, ta bi tsakiyarsa.

Me ya sa na ƙasa ke farawa? Domin shuka takan kwashe abinci daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Kamar gida ne a lokacin yunwa, manya su haƙura a ba yara.

A nan ne yuriya take da amfani. A kowane kilo 100 nata akwai kilo 46 na naitirojin. Amma tana da ƙa'ida. Zuba ta bayan noman farko, lokacin da ƙasa take da danshi. Kada ta taɓa kara. Tona ɗan rami a gefe, ka sa kaɗan, ka rufe. In ka bar ta a fili, rabonka iska za ta kwashe. In ka sa ta a busasshiyar ƙasa, za ta ƙone shuka.

Ba dole sai mai kuɗi da yawa ba. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, tare da na INRAN, sun nuna cewa taki kaɗan a kowane rami yana ƙara amfani. Giram 6 na takin 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo, ya ishi rami guda na hatsi lokacin shuka. Ka sa shi a gefen iri, ba a kansa ba. Yi lissafi da kanka: in hektarka tana da rami 10,000, kilo 60 ke nan, buhu guda da ɗan ƙari.

Amma maganin da ya fi daɗewa yana gidanka: takin dabbobi, da shara da ta ruɓe a rami, da karan da aka bari a gona. Sai kuma gawo. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi kore. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya ba ƙasa taki, ba ya kuma tare rana. Manoman Matamai da Magarya da Mirya sun yi suna a duniya saboda gawon da suka bari ya tashi a gonakinsu. In kana sassabe, ka bar masa ƴaƴansa.

Gyaɗa da wake kuwa daban suke. Tuge guda ɗaya ka duba saiwar. Za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to yana aiki: yana ɗebo wa shukar naitirojin daga iska. Shi ya sa gyaɗa ba ta cika bukatar yuriya ba. Takin sufa ta fi so. Da na san wannan, da akuyarmu tana nan.

Na biyu: ruwa

Ruwa ma yana sa ganye ya yi ɗorawa. In ya yi ƙaranci, ganye yakan naɗe, bakinsa ya bushe. Wannan kowa ya sani. Wanda ba a cika sani ba shi ne na yawan ruwa. Saiwa tana shan iska kamar ni da kai. In ruwa ya kwanta a gindin shuka kwana da kwanaki, saiwa takan shaƙe, ta ruɓe. Sai ganye ya yi rawaya, ya yi yaushi, alhali ƙasa tana jiƙe.

Masu lambu sukan faɗa wannan tarko. Su ga tumatir ko barkono ya yi yaushi, sai su ƙara masa ruwa. Kafin ka ɗauki bokiti, tura yatsanka cikin ƙasa. In ka ji danshi, bari sai gobe. In wurin yana riƙe ruwa, yi kunya mai tudu, ka buɗe wa ruwa hanya.

Tun da kana lambu, duba saiwar tumatir ko kuɓewar da ta yi ɗorawa. In saiwar ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu, wannan ba irin na gyaɗa ba ne. Wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani. Tuge shukar ka ƙone. Baɗi kada ka maimaita tumatir a wurin. Sa albasa ko masara.

Na uku: ƙasa mai kanwa

In sabon ganye na sama ne ya yi fari-fari, amma jijiyoyinsa suna nan kore kamar raga, to shukar ta rasa sinadarin ƙarfe. An fi ganin wannan a lemo da gwaba, wani lokaci a gyaɗa. Ƙarfen yana nan cikin ƙasa, amma kanwa ko toka mai yawa ta ɗaure shi, saiwa ba ta iya ɗauka. Shi kuma ba kamar naitirojin ba ne, shuka ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye. Shi ya sa sabon ganye ke farawa.

Magani: daina juye toka da ruwan wanki a gindin itacen. Rage ban ruwa. Zuba ruɓaɓɓen taki da yawa, ka rufe gindin da ciyawa. Ba ya warkewa dare ɗaya. Ka riƙa duba ganyen da zai tsiro nan gaba.

Na huɗu: gaugai

Wani lokaci hatsi ko dawa ko wake yakan tsugune ya yi ɗorawa, ga ruwa, ga taki. Bayan ƴan makonni sai ka ga gaugai ya fito, wanda wasu ke kira ƙuduji ko wuta-wuta. Tun kafin ya leƙo sama ya riga ya manne a saiwa yana tsotsa. Gindi ɗaya na gaugai yana zubar da iri dubu-dubai, kuma irin yana iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10.

Tuge shi kafin ya yi fure, ka tara, ka ƙone. Kada ka jefar a bakin gona. Ƙara wa gonar takin gida, don gaugai ya fi son ƙasar da ta gaji. Ka riƙa juya shuka: inda gaugan hatsi ya yi yawa, baɗi sa gyaɗa. Ka kuma yi magana da maƙwabcinka, don iska da ruwa ba su san iyakar gona ba.

Na biyar: cuta

Yanzu mu koma ga gamanar mai ɗakina. Alamar kuturtar gyaɗa ita ce: shuka ta tsugune, ganye ya ƙanƙance, ya murɗe, ya cure a sama. Wata takan yi ɗorawa, wata kuma kore mai duhu da dabbare-dabbare. Ba ta kama gona gaba ɗaya a rana guda. Takan fara wuri-wuri, sannan ta bazu. In ta kama gyaɗa tana ƙarama, ba ta yin ƴaƴa.

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ba ta bin iri. Darɓa ce take ɗauko ta daga mara lafiya ta kai wa mai lafiya, kamar yadda sauro ke yi da zazzaɓin cizon sauro. Shukar da ta kamu ba ta da magani. Babu taki, babu feshin da zai tashe ta. A nan rigakafi ne kaɗai. Ga shi:

Shuka da wuri, da zarar ƙasa ta jiƙu sosai. Kafin darɓa ta yi yawa, gyaɗa ta yi ƙarfi.

Shuka a matse. Darɓa ta fi sauka inda take hango ƙasa tsirara tsakanin shuka da shuka. Ga ƙaramar gyaɗa mai kwana 90, irin 55-437 da muke kira ƴar Dakar, bar santimita 40 tsakanin layi da layi, wato taƙi biyu, da santimita 15 tsakanin rami da rami. Ƴar Dakar tana jure fari, amma ba ta jure kuturta.

Zagaya gona kowane sati. Wadda ka ga ta kamu, tuge ta, ka binne ko ka ƙone.

Kada ka bar gyauron gyaɗa da rani, musamman a lambu da fadama. A jikinsa cuta da darɓa suke fakewa har damina ta dawo.

In ka ga darɓa ta fara, ƴaƴan dogon yaro suna taimakawa. Daka rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10, ya kwana. Tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da maraice, har bayan ganye. Maimaita bayan sati. In za ka sayi maganin kanti, nemi shawarar malamin gona. Kada ka sayi wanda ba shi da takarda a jiki. Karanta takardar, ka rufe hanci da baki, ka yi wanka bayan feshi. Kada a sa ruwa ko mai a kwalbar da ta ƙare.

Tambayi iri mai jure cutar. Cibiyar binciken noma ta Samaru, a Zariya, ta fitar da irin su Samnut 23 da Samnut 24. Malamin gona zai gaya maka wanda ya dace da ruwan ƙasarku.

Ka ga ni abu biyu na farko duka na karya: na shuka a makare, na kuma buɗa tazara. Da hannuna na buɗe wa darɓa ƙofa.

Akwai wata cutar gyaɗa da take ruɗin mutane. Ganye yakan yi ɗigo-ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa, wani da zoben ɗorawa kewaye da shi, sannan ya kaɗe. Wasu sukan ce gyaɗa ta nuna, su cire ta ɗanya. Kada ka yarda da ganye. Tuge guda biyu ko uku, ka fasa kwanson. In cikin ɓawon ya yi duhu, ƙwaya ta cika, to ta nuna. Don rage wannan cuta, kada ka maimaita gyaɗa a wuri ɗaya shekara biyu a jere.

Na shida: tsufa

Ba kowace ɗorawa ce abin tsoro ba. In kaka ta gabato, zangarniya ta cika, dole ganyen ƙasa ya bushe. Shuka ce take kwashe sauran abincinta tana kai wa ƙwaya. Wannan ba ya son magani, sai godiya ga Allah.

Ƙarshen labari

A waccan shekara, abin da muka samu a gamana bai kai rabin na kullum ba. Mai ɗakina ba ta yi mini gori ba ko sau ɗaya. Shirun nan nata ya fi mini zafi. Sai da na yi wata bakwai ina tari kafin na mayar mata da akuya, ita ma ba ta kai waccan girma ba.

Da damina ta dawo, ranar da muka gama shukar hatsi, washegari muka shiga gamana. Muka shuka rabin wurin kawai, amma a matse. Kowace Juma'a da safe muna zagayawa ni da ita, muna juya ganye. Mun tuge kaɗan da suka kamu, sauran suka tsira. Dattijon nan ya biyo, ya duba, ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, bana ka ci jarrabawa."

To, ɗan'uwa, ga abin da nake so ka riƙe. Ganyen ƙasa ya fara: duba yunwa ko ruwa. Ganyen sama ya fara da koren jijiya: duba kanwa da toka. Shuka ta tsugune ta murɗe: juya ganye ka nemi darɓa. Ga ruwa ga taki amma ba ta tashi: tuna da gaugai. In ka duba ba ka gane ba, tuge guda ɗaya har da saiwarta, ka kai wa malamin gona, ko wani dattijo da ya daɗe yana noma. Matambayi ba ya ɓata. Sai ka san ciwon, sannan ka kwance bakin aljihu.

In ka gama karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka, ka karanta wa matan gidanku, don su ma suna da gamana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gonarmu. Amin.